Yadda Ake Auna Lafiyar Ruwa a Mashigar Kogi, Daga Bakin Dam Har Bakin Teku

Ɗalibai masu aikin kammala karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, da ma'aikatan muhalli na ƙananan hukumomi, har da wasu shugabannin masunta, sun sha yi mana tambaya guda: ta yaya za a gane ruwa na da lafiya ko ya fara lalacewa? Littattafan da ke hannun ɗaliban kuwa cike suke da bayanin mashigar kogi cikin teku, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, alhali daga Katsina zuwa teku tafiyar kilomita fiye da 1,000 ce a mota.

Abin da ya fi kama da wannan a wurinmu shi ne inda kogi ke zuba a dam: Karaduwa a Zobe, Gada a Jibiya, Tagwai a Ajiwa, sai Sabke da Daberam a ƙasar Daura. A nan ne gudun ruwa ke mutuwa, ya sauke duk abin da ya kwaso daga gonaki da unguwanni, kuma a nan kifi ke yin ƙwai. In ɓarna za ta fara, nan take fara nunawa. Matakan awon kusan iri ɗaya ne da na bakin teku, abin da ya bambanta mun ajiye shi a mataki na ƙarshe. Amma tun yanzu ka riƙe wannan: awo ɗaya, komai tsadar na'urar da aka yi shi da ita, ba ya faɗin lafiyar ruwa. Maimaitawa a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, ta hanya ɗaya, ita ce aikin.

1. Tsayar da tambayarka

Kafin ka sayi ko kwalba ɗaya, rubuta abin da kake son sani cikin jimla guda. Takin masu noman rani ne ke sa gansakuka yawa? Ruwan kwatar gari na isowa dam? Me ya kashe kifi a bazarar bara? Tambayar ita za ta zaɓar maka abin aunawa. Wanda ya fita ba tambaya yakan auna abu ashirin sau ɗaya, kuɗi su ƙare, ya koma da lambobin da ba sa amsa komai. Abu shida sau goma sha biyu ya fi.

2. Izini da gaisuwa

Zobe da Jibiya na ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, Ajiwa kuma na hukumar ruwa ta jiha. Kai takarda daga makarantarka ko ofishinka. Bayan takarda sai a je wurin mai gari, daga nan a nemi Sarkin Ruwa. "Ranka ya daɗe, ruwa muka zo dubawa, ba kifi ba" ya isa ya buɗe ƙofa, don masunta na ɗari-ɗari da duk baƙon da ya zo da littafi, suna zaton mai karɓar haraji ne ko mai ƙwace koma. Sarkin Ruwa zai haɗa ka da mai kwale-kwale, kuma shi ya san inda gurbi yake.

Hattara: wasu yankunan Jibiya da Dutsin-Ma na fama da matsalar tsaro. Tambayi mutanen gari halin da ake ciki a ranar fitar kanta, kada ka dogara da labarin makon jiya, kuma ka bar bakin ruwa kafin la'asar sakaliya.

3. Zaɓen tashoshi

Tasha ita ce wurin da za ka riƙa komawa. Biyar sun isa a fara. Ta farko a can sama cikin kogin, gaba da gonaki da gari gwargwadon hali, ita ce ma'aunin da za ka gwada sauran da ita. Ta biyu a ƙasa da inda kake zargin ƙazanta na shigowa, kamar bakin kwata, mahauta, marina ko fadamar 'yan lambu, da tazarar da ruwan biyu suka riga suka gauraya. Ta uku a mashigar kanta. Ta huɗu a tsakiyar dam. Ta biyar kusa da bango, inda ya fi zurfi kuma inda ake jan ruwan sha.

Ɗauki lambar GPS ta kowace tasha da wayarka, ka kuma rubuta alamar da ba ta motsi, kamar dutse ko kuka ko turken lantarki. Hoto huɗu a kowane zuwa, gabas, yamma, kudu, arewa, daga tsayuwa ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓen wuri don mota na isa. Mashayar shanu da wurin wanki sun fi sauƙin zuwa, amma abin da za ka auna a nan kashin shanu ne da omo, ba dam ba. Sannan mashiga a dam ɗinmu ba ta zama wuri ɗaya: a Satumba tana can sama, a Afrilu ruwan ya ja baya da nisa, inda ka sha hawa kwale-kwale ya zama gonar dankali. Don haka ka tsayar da tasha ta uku da siffa, wato inda gudun ruwa ya mutu, ka riƙa ɗaukar sabuwar lambar GPS kowane zuwa. In kogin ya ƙafe gaba ɗaya, rubuta "busasshe". Shi ma sakamako ne.

4. Jadawali

Sau ɗaya a wata, shekara guda cur, shi ne mafi ƙarancin da zai nuna maka damina da kaka da hunturu da bazara. In kuɗi ba su kai ba, kada ka rasa waɗannan huɗun: ruwan farko na Yuni da ke wanko ƙazantar rani duka, tsakiyar Agusta, sanyin Janairu, da ƙarshen Afrilu lokacin da ruwa ya ragu zafi ya kai maƙura. Ƙarshen bazara shi ne lokacin da ruwa ya fi shiga matsi, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa saboda jarrabawa.

Riƙe sa'a ɗaya. In ka fara tasha ta farko da ƙarfe 7 na safe, haka za ka yi kowane wata.

5. Kaya da lissafin kuɗi

Akwai waɗanda za ka haɗa da kanka kusan kyauta: faifan auna hasken ruwa, igiya mai alamar kowace santimita 10, sanda mai awo, bokiti, farin faranti mai faɗi, cokalin roba, littafi da fensir. Biro na zuba in ya jiƙe. Akwai na kasuwa: kular sanyi da ƙanƙara, kwalaben roba na lita ɗaya, maka marar gogewa, rambut, safar hannu, rigar ruwa ga duk wanda zai hau kwale-kwale, ma'aunin zafi, gilashin ƙara girma, rariya mai ido rabin milimita, da sinadarin etanol. Sai masu tsada: na'urar pH, wato mai auna tsamin ruwa, ta auna narkakken gishiri, da ta iskar oksijin. Ta oksijin ta fi sauran tsada nesa ba kusa ba, farashinta na bin dala, gara ka aro a sashen nazarin halittu ko na kimiyyar sinadarai. In ba a samu ba, hanyar Winkler, wato auna oksijin da kwalba da sinadarai, na ba da sakamako mai kyau, wani lokacin ma fiye da na'urar da ba a daidaita ba.

Inda kuɗi ke tafiya da gaske shi ne mota, mai kwale-kwale, da ɗakin gwaji. Yi lissafin tun farko: tasha 5 sau wata 12 ya ba da samfuri 60, ka ƙara kashi 10 cikin 100 na maimaici da na gwajin tsafta, ya zama 66. Ɗakin gwaji na cajin kowane abu daban a kowane samfuri, don haka abu 6 na nufin gwaji 396. Karɓi farashi a rubuce daga wuri biyu ko uku. Ƙarafa masu guba da magungunan feshi sun fi komai tsada, ka bar su sau biyu a shekara, damina da rani, kuma a taɓo za ka neme su tun da nan suke taruwa.

6. Daren jajibiri

Daidaita na'urar pH da ruwan gwaji mai lamba 7, sannan 4 ko 10. Ta narkakken gishiri da ruwan gwaji mai lamba 1413. Ta oksijin a cikin iska mai damshi, kamar yadda takardarta ta nuna, kuma a maimaita da safe. Rubuta lambar tasha da kwanan wata a jikin kowace kwalba tun tana bushe, a jiki ba a murfi ba, don murafu na musanya.

Hattara: bakin na'urar pH ba ya son bushewa, hunturunmu kuwa cikin kwana kaɗan yake kashe shi. A ajiye shi cikin ruwan ajiyarsa, ba cikin tataccen ruwa ba. Kada a wanke kwalaben fosfet da omo, yawancinsa na iya barin abin da kake nema a jikin kwalbar. Kada a bar na'ura cikin rufaffiyar mota a rana.

7. A bakin ruwa: ido da hanci tukuna

Kafin ka taɓa ruwan, tsaya minti biyar ka rubuta. Sa'a, yanayin sama, ko an yi ruwa cikin kwana biyun da suka wuce, launi, wari, kumfa, maiƙo, matattun kifi, ledoji, yawan injinan ban ruwa, kwalaben maganin feshi da aka yar. Kimanta kashi nawa na fuskar ruwan kainuwa ko bado ko kacalla suka rufe. Kacalla ce ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, kuma a irin mashigar nan mai laka marar zurfi take fara kafuwa, don haka ka riƙa auna faɗinta da taku kowane zuwa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai in ka motsa taɓo alama ce babu oksijin a ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza, abin da hanci ya ji na'ura za ta tabbatar.

Tsarin aiki kuma ba a juya shi: ruwa kafin taɓo, kuma in a ƙafa kake cikin kogi, fara daga ƙasa ka yi sama, don kada lakar da ka tayar ta bi ka cikin kwalba.

8. Awon nan take

Zafi, oksijin, pH da narkakken gishiri a cikin ruwan ake auna su, don suna canzawa cikin kwalba kafin ka isa gari. Tsoma na'ura santimita 30, jira lamba ta tsaya. Na'urar oksijin mai fatar baki tana cin iskar da ke gabanta, sai kana motsa ta a hankali, in ba haka ba lambar ta yi ta sauka ka ɗauka ruwan ne. A tasha mai zurfi auna sama, tsakiya, da rabin mita kafin ƙasa. A bazara za ka iya samun sama na da wadatar oksijin ƙasa babu ko ɗis, don ruwan zafi ya kwanta kan mai sanyi ba sa gauraya. Ranar da guguwar farkon damina ta juya dam ɗin, ruwan ƙasan ya taso, ita ce ranar da kifi ke mutuwa a tare, mutane su ce an zuba guba.

Oksijin shi ne abin da ya cancanci ka ɓata masa lokaci. Kifi na son miligiram 5 a lita ko fiye. Ƙasa da 3 yana wahala, ƙasa da 2 sai irin su tarwaɗa da gaiwa masu shaƙar iska a sama. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa: a tudun Katsina, wanda ya kai kimanin mita 500 sama da teku, ruwa mai digiri 20 na cika da kusan miligiram 8.5, mai digiri 30 kuma da kusan 7. Saboda haka 6.8 a Afrilu ba matsala ba ce. Abin tsoro shi ne tazarar asuba da la'asar. Gansakuka na samar da oksijin da rana, da dare kuma ita da duk abin da ke ruwan suna cinye shi. In ka samu, a misali, 12 da la'asar da 2.5 da asuba, ruwan ya ƙoshi da taki fiye da kima, ko da kuwa lambar la'asar ta burge ka. Aƙalla sau ɗaya a kowane yanayi, auna tasha ta uku da ketowar alfijir, ka sake da ƙarfe 3 na rana.

Mai amfani da hanyar Winkler ya cika kwalbar mililita 300 a hankali ba tare da kumfa ko guda ba, ya zuba sinadarai biyun farko nan take a bakin ruwa, ya toshe ya jujjuya. Gari mai ruwan ƙasa-ƙasa ya sauka, akwai oksijin. Fari ya sauka, babu. Kumfa ɗaya da ta maƙale ƙarƙashin murfi ta isa ta ɓata sakamakon.

pH tsakanin 6.5 da 8.5 shi ne ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya. In ya haura 9 da rana, yawanci gansakuka ce. Narkakken gishiri ƙasa da maikurosimin 700, wato ma'aunin da na'urar ke nunawa, ba ya damun amfanin gona, sama da 3,000 kuwa yana cutar da shi sosai. Amma a aikinka ba lambar kanta ce abin lura ba, tsallen da ta yi ne daga tasha ta farko zuwa ta biyu. In ta ninka, wani abu na shigowa a tsakani.

Sai faifan Secchi, wato faifan auna hasken ruwa. Yanke shi daga murfin bokitin fenti, faɗin santimita 20, raba huɗu, baƙi da fari a jere, ɗaura ƙarfe a ƙasa don ya nutse tsaye. Tsakanin ƙarfe 10 da 2 na rana, ta gefen inuwar kwale-kwale, ba tabarau. Sauke har ya ɓace ka rubuta, ɗago har ya bayyana ka rubuta, ka ɗauki tsakiyarsu. Igiyar da ke miƙewa in ta jiƙe tana ƙarya, auna ta da tef kafin kowace fita.

A nan littattafan Turai na iya ɓatar da kai. Su a wurinsu ƙarancin haske gansakuka ce, mu kuwa yawanci laka ce daga zaizayar gonaki. Tace ruwan a farar takardar tacewa: kore ne ko ja? In ka ga kore kwance a sama kamar an zuba fenti, cika kwalba mai haske ka sa a firij ya kwana. In da safe koren ya taru a sama, akwai yiwuwar irin nan ne mai guba, a hana dabbobi sha a wurin har a gwada.

A tashoshin kogi auna gudun ruwa. Alama biyu tazarar mita 10, jefa lemo, ƙirga daƙiƙa, sau uku. Raba 10 da matsakaicin daƙiƙan, ninka da 0.85, sannan ka ninka da faɗin kogin da matsakaicin zurfinsa. Ba tare da wannan ba, ba za ka san yawan abin da ke shiga dam ba, don ruwan Agusta na iya nuna taki kaɗan a lita alhali jimlar da ya kawo ta fi ta duk rani.

Hattara: rafin yashi na cika cikin mintuna daga ruwan da aka yi a wani gari. Ambaliyar Jibiya ta Yuli 2018 ba abar mantawa ba ce. In hadari ya haɗu a sama da kai, fita.

9. Cika kwalabe

Fuskanci inda ruwa ke fitowa, kife bakin kwalba ka nutsa santimita 20 zuwa 30, sannan ka juya ta. Ɗauraye sau uku da ruwan wurin, ka zubar a bayanka. Kwalba biyu ne ba a ɗauraye su: ta ƙwayoyin cuta da aka riga aka dafa, da wadda aka sa wa sinadarin adana.

Ta ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bahaya ya shiga ruwa, a bar sarari kamar yatsa biyu a sama, cikin ƙanƙara, ta isa ɗakin gwaji cikin awa 6. Ta naitiret da fosfet da amoniya, wato sinadaran taki, cikin ƙanƙara, a gwada cikin awa 48. Ta kilorofil, wato koren sinadarin gansakuka, a naɗe ta da takardar alminiyam don haske na ɓata shi. Ta BOD, wato awon oksijin da ƙwayoyin cuta ke cinyewa wajen ruɓar da ƙazanta, a cika ta maƙil, a fara gwajin a ranar, a ajiye kwana 5 cikin duhu a digiri 20, wanda ke nufin ka tabbatar ɗakin gwajin na da wutar da ba za ta ɗauke ba kafin ka biya. Ta ƙarafa ta roba ce da aka wanke da asid, a ɗiga asid ɗin naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2. Ta magungunan feshi ta gilashi ce mai duhu.

Kada kwalbar da ta taɓa asid ɗin naitirik ta kusanci samfurin naitiret, lambar za ta tashi sama ba gaira ba dalili. A kowace fita ka cika kwalba biyu a tasha ɗaya ka ba su lambobi daban ba tare da ɗakin gwaji ya sani ba, ka kuma haɗa da kwalbar tataccen ruwa. In tagwayen suka sha bamban sosai, ko aka "samu" fosfet a tataccen ruwa, ka san inda matsala take. In akwai haƙar ma'adinai a saman kogin, dalma ta shiga jerinka dole. Gubar dalma ta Zamfara a 2010 ta kashe yara fiye da 400, kuma iyakarta a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita.

10. Mazauna taɓo

Na'ura na faɗin halin ruwa na wannan mintin. Ƙananan halittun da ke cikin taɓo da ƙarƙashin duwatsu kuwa sun shafe watanni a wurin ba su iya gudu, don haka in an yi sakin ƙazanta da dare makonni uku da suka wuce, su za su nuna. Wannan matakin ya fi kowane arha, kuma a ganinmu ya fi kowane faɗin gaskiya.

A wuri marar zurfi, kafa ragar hannu mai ido rabin milimita a ƙasa da ƙafarka, ka tattaka ƙasa minti 3 cif, kana bin duwatsu da yashi da gindin ciyawa. A wuri mai zurfi sai da madamƙar Ekman, wato akwatin ƙarfe mai damƙo taɓo, mai baki santimita 15 sau 15, damƙa uku a kowace tasha. Wanke a rariya da ruwan wurin, juye a farin faranti da ɗan ruwa, ka jira. Bayan minti biyu komai zai fara motsi. Tsince da cokali, raba iri-iri, ƙirga, adana cikin etanol mai ƙarfin kashi 70, da 'yar takarda rubutun fensir a cikin kwalbar.

Masu son ruwa mai tsafta su ne 'yan ƙwari masu jela uku siriri da ganyayyakin numfashi a gefen ciki, da tsutsar da ke gina wa kanta kube da tsakuwa ko tsinke. Na tsaka-tsaki su ne 'ya'yan mazari, buzuzun ruwa, makankari da jatan lande. Masu jure ƙazanta su ne jar tsutsar taɓo, siraran tanar da ke kaɗa jela a laka, matsattsaku, da farar tsutsa mai dogon wutsiya da ake gani a kwata. Iri goma sha biyar kowanne kaɗan-kaɗan alamar lafiya ce. Iri biyu dubbai, ja wur a faranti, alamar ciwo ce. Tsarin miniSASS na Afirka ta Kudu ya raba su rukuni 13 da maki, ɗan sakandare ma zai iya bi. Sai dai don koguna masu gudu aka yi shi, taɓon dam kuwa ko yana da lafiya jar tsutsa ba ta rasa shi. Gwada taɓo da taɓo, dutse da dutse.

Hattara: ƙananan katantanwar ruwa da ke manne a bayan ganyen bado da ledoji su ke ɗauke da tsargiya, kuma da tsakar rana tsutsar ta fi fitowa. Rambut da safar hannu ba ado ba ne. In ruwa ya taɓa fata, goge nan take da tawul. Rubuta yawan katantanwar, sashen lafiya na ƙaramar hukuma na buƙatarsa.

11. Kifi, daga hannun masunta

Ba sai ka kafa koma ba. Je inda ake sauke kamu da sassafe, zaɓi jirage biyar, rubuta irin kayan kamun, kalli ne ko birgi ko mali ko mamari, da awa nawa ya kwana, da nauyin kamu. Raba karfasa, tarwaɗa, ƙurungu, ragon ruwa, kawara. Auna tsawo da nauyin guda 30 na irin da ya fi yawa, duba gyambo, ruɓewar ƙaya, da launin matsatsar numfashi. Ka sayi ɗan wani abu, kada ka tsayar da mutum da cinikinsa a banza.

Tambayi dattawa: "Baba, wane kifi ne kuke kamawa da wanda yanzu ya ɓace?" Amsar ita ce kawai tarihin da za ka samu. Amma raguwar kifi ba kullum ƙazanta ba ce. Koma mai ƙaramin ido da zuba gubar Gamalin na iya ƙarar da kifi a ruwa mai tsafta.

12. Karanta sakamako

Shigar da lambobi kwamfuta a ranar, ka ɗauki hoton shafin littafin. Zana kowane abu iri biyu: tasha da tasha, wata da wata. Kada ka haɗa damina da rani ka fitar da matsakaici ɗaya, zai ɓoye watan da kifi ya mutu. Kada kuma ka yanke wa dam hukunci da ƙa'idar ruwan famfo kaɗai. Ruwan Agusta zai zarce iyakar dagulewar da aka yarje wa ruwan famfo nesa, wannan bai sa ya zama matacce ba.

Wasu ma'aunai na taimakawa. Jimlar fosforos sama da maikurogiram 35 a lita, ko kilorofil da matsakaicinsa ya wuce 8, alamar ƙoshi da taki ce, yuriya da kamfa da kashin dabbobi. BOD ƙasa da miligiram 2 a lita ruwa mai tsafta ne. Ga latas da tumatir da ake ci ɗanye, tsohuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ita ce kada ƙwayoyin bahaya su wuce 1,000 a mililita 100 na ruwan ban ruwa. Hukunci ya tsaya kan ƙafa uku, sinadaran ruwa, mazauna taɓo, da yanayin gaɓa. In biyu suka yarda da juna, faɗi da ƙarfi. In sun saɓa, koma tashar. Rahoto kuma kwafi biyu: na hukuma, da shafi ɗaya da Hausa ga mai gari da Sarkin Ruwa.

13. In aikin na bakin teku ne

Wanda hidimar ƙasa ko karatu ya kai Kalaba, Boni ko Legas zai ƙara abubuwa huɗu.

Na farko cikowa da janyewar teku, sau biyu kowanne cikin awa 24 da minti 50, tsayinsa kimanin mita 1 a Legas, ya kai wajen mita 3 a Kalaba, kuma ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. A can ba agogo kaɗai ake bi ba, jadawalin cikowa da janyewar teku ake bi, a auna a matakin cikowa iri ɗaya kowane zuwa. Kwale-kwalen da ya yi jinkiri a kan laka sai ya jira awa shida.

Na biyu gishiri. Ruwan daɗi bai kai giram 0.5 a lita ba, na teku kusan 35, tsakaninsu zartsi. Jera tashoshi bisa gishirin, a iyakokin 0.5, 5, 18 da 30. Ruwan gishiri ya fi nauyi, yana kutsawa ta ƙasa, don haka sama da ƙasa dole a auna duka. Shigar wa na'urar oksijin lambar gishirin, in ba haka ba za ta ƙara maka, don ruwan teku mai digiri 30 da kusan miligiram 6.2 yake cika.

Na uku halittu. Tsutsotsin laka, ƙaguwa, kawa da katantanwar zartsi ne a can, ana ɗebo su da madamƙar Van Veen, ana ba su maki da ma'aunin AMBI na halittun lakar teku maimakon miniSASS. Ƙarancin iri a tsakiyar zartsi ɗabi'ar wurin ce, tun da halittu kaɗan ke jure gishirin da ke hawa da sauka kullum, kada ka rubuta shi a matsayin ƙazanta.

Na huɗu gaɓa. Ƙirga bishiyoyin mangurob, masu tsirowa a lakar bakin teku, da 'ya'yansu a fili mita 10 sau 10, ka rubuta yawan kabar nifa da aka shigo da ita Kalaba a 1906 take kuma cinye musu wuri. Haƙa taɓo ka duba ɗanyen mai a ƙasa, don rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan Ogoni na 2011 ya nuna mai na nutsewa ya zauna shekaru bayan fuskar ƙasa ta yi kamar ta warke. Don aron kaya da tantance halittu, a tuntuɓi cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Victoria Island a Legas, ko cibiyar nazarin teku ta Jami'ar Kalaba, tun wata guda kafin fita.